Yadda ake zaɓen jarumin da zai ja ragamar tsohon wasan daɓe na waƙa

A gidajen wasan Broadway na birnin New York da na West End a Landan, akwai al'adar dawo da tsofaffin wasannin daɓe masu waƙa da rawa, waɗanda suka yi tashe shekaru da dama da suka wuce, a sake shirya su da sababbin 'yan wasa. Labarin sananne ne, waƙoƙin kuma 'yan kallo da yawa sun haddace su tun kafin su sayi tikiti, saboda haka abin da ke jawo mutane shi ne wanda aka ɗora wa babban matsayi. Aikin zaɓen nasa yana da matakai, kuma tsallake ɗaya daga cikinsu yana iya jawo asarar kuɗi mai yawa.

Matakin farko ba ya buƙatar ganin ɗan wasa ko ɗaya. Mai shiryawa zai fara da neman izini daga masu haƙƙin mallakar wasan, waɗanda galibi magadan marubutan ne ko kamfanin da ke wakiltarsu, domin sau da yawa yarjejeniyar tana ba su ikon amincewa ko ƙin wanda aka zaɓa. Bayan haka darakta zai bayyana a sarari dalilin da ya sa yake son dawo da wasan yanzu, da irin mutumin da yake gani a tsakiyarsa: shekarunsa, halinsa, da ko barkwanci ne ya fi rinjaye a matsayin ko kuwa tausayi. Daga wannan bayani ne jami'in tantance 'yan wasa yake rubuta siffar matsayin, ya aika wa wakilan 'yan wasa.

Na biyu shi ne murya, kuma a nan ya kamata a daɗe. Daraktan kiɗa zai bi waƙoƙin matsayin ɗaya bayan ɗaya, ya gano amo mafi tsayi da mafi zurfi da ake buƙata, ya ƙirga waƙoƙin da jarumin zai rera shi kaɗai, sannan ya duba inda waƙa mai wuya ta biyo bayan rawa ko doguwar magana ba tare da hutun numfashi ba. Tsofaffin waƙoƙin nan yawanci an ɗinka su ne daidai da muryar wanda ya fara yin matsayin. Ana iya sauke waƙa ko ɗaga ta kaɗan don ta dace da sabon mawaƙi, amma hakan yana da iyaka, domin akwai waƙar da idan aka sauke ta, ƙarfinta yakan tafi gaba ɗaya. Wasan Funny Girl misali ne da ake yawan kawowa. An fara shi a Broadway a 1964 da Barbra Streisand a matsayin Fanny Brice, jarumar labarin, kuma muryarta ta zama ma'aunin da ake gwada kowa da shi, har ya zamana ba a sake dawo da wasan a Broadway ba sai a 2022. Beanie Feldstein ce ta buɗe shi a watan Afrilu na wannan shekara. Masu sharhi da yawa sun yaba barkwancinta, amma suka ce waƙoƙin sun fi ƙarfin muryarta. Ta bar wasan a ƙarshen Yuli, Lea Michele ta karɓa a Satumba, cinikin tikiti kuma ya ɗaga sosai. A ganina nauyin irin wannan lamari yana wuyan masu zaɓe ne, tun da su ne ke da takardun kiɗan a gabansu kafin a sa hannu a komai.

Sai a yanke shawara a kan hanyar nema. Akwai hanyar miƙa tayi kai tsaye ga fitaccen tauraro, wanda sunansa kaɗai ke sayar da kujeru, kamar yadda aka gina dawowar Hello, Dolly! ta 2017 a kan Bette Midler, wadda ta ci lambar yabo ta Tony da wannan matsayi. Akwai kuma hanyar gwaji a buɗe. Ko da an bi ta farko, yana da kyau darakta da daraktan kiɗa su zauna da tauraron a keɓe tare da mai kaɗa piyano su ji shi da kunnensu, saboda wanda ya saba da kyamara ko ɗakin naɗar murya, inda ake maimaitawa har a dace, bai zama lalle ya iya cika zauren da ke ɗaukar mutum sama da dubu ba.

Idan gwaji za a yi, a Amurka ƙungiyar 'yan wasan daɓe ta Actors' Equity, wadda aka kafa a 1913, tana da ƙa'idojin da ke tilasta wa masu shiryawa su ba mambobinta damar a gan su. A zagayen farko kowa yana rera ɗan guntun waƙar da ya zaɓa da kansa, abin da bai cika wuce minti ɗaya ko biyu ba. Waɗanda suka tsallake sai a sake kiransu, a ba su waƙoƙi da shafukan magana daga wasan. A wannan zagaye darakta zai ba ɗan wasa umarnin da ya saɓa wa abin da ya shirya, don ya ga ko yana karɓar gyara. Wanda ya zo yana kwaikwayon tsohon faifai, har da karkatar baki da jan numfashin mai matsayin na farko, a yi hattara da shi komai daɗin muryarsa, domin 'yan kallo suna da faifan asali a gida. A zagayen ƙarshe ana haɗa mutum biyu ko uku da suka rage da abokin wasansu, a ga wanda jininsu ya haɗu.

Mataki na gaba shi ne auna juriya. Wasan Broadway ana yin sa sau 8 a mako, kuma a wasu ranakun sau biyu, da rana da dare. Saboda haka ba a wadatuwa da jin mutum ya rera waƙa ɗaya da kyau. A sa shi ya rera waƙoƙi mafi wuya a jere, kamar yadda suke zuwa a wasan, a saurari yadda muryar take a ƙarshe. Idan matsayin ya yi nauyi, ana tanadar mai karɓa na dindindin a wata rana ta mako, kamar yadda Donna Murphy ta riƙa yin Dolly a daren Talata a madadin Midler. Haka kuma dole a zaɓi mai jiran ko-ta-kwana, wato wanda zai maye gurbin jarumin duk ranar da ya kasa fitowa, da irin tsananin da aka zaɓi jarumin. Julie Benko, wadda ita ce ke wannan gurbi a Funny Girl, ita ta riƙe wasan a watan Agusta na 2022 tsakanin tafiyar Feldstein da zuwan Michele, daga baya kuma aka ba ta wasan kowace ranar Alhamis.

Daga nan sai kwantiragi. A rubuta tsawon lokacin da jarumin zai yi, yawan wasannin da zai yi a mako, ranakun hutunsa, wurin da sunansa zai zauna a allon talla, da ko yana da ta cewa a zaɓen abokan wasa. Taurarin fim da talabijin ba safai suke iya ba da fiye da wasu watanni ba, don haka mai shiryawa yana fara tunanin magaji tun kafin a soma atisaye, kuma ba a sanar da suna ga 'yan jarida sai masu haƙƙin mallaka sun amince, an kuma sa hannu a takarda.