Daga nanaye zuwa kiɗa mai nauyi: yadda mawaƙin ƙauye zai sauya salo ba tare da ya kashe muryarsa ba

Mawaƙin da ya saba da fiyano da otatun, wato na'urar da ke daidaita murya a kan sauti, idan kiɗan jita mai ruri ya shiga ransa, abin da yake fara yi shi ne ya murɗa sauti har ƙarshe ya kama ihu. Kwana uku murya ta dusashe, maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa. Nauyin waƙa daga numfashi yake zuwa, da bugun ganga, da haɗin kan makaɗa. Ƙarar sifika ita ce ta ƙarshe a lissafi.

Akwai wanda ya bi wannan hanya ya kai. Mdou Moctar, Buzu ne daga jihar Tawa a Nijar, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da otatun irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya. Kundinsa na 2021 kuwa jita ce mai ruri da ƙungiyar mutum huɗu. Shekara 13 ke tsakani, kuma bai yar da kiɗan gidansu ba, takamba, kiɗan gargajiyar Buzaye, ya ɗora wa jitar. Kai ma da kake Ringim ko Ɗambatta kana da kalangu da ganga da kiɗan dambe a bakin ƙofa.

Fara da kashe otatun. Ka naɗi muryarka tsirara a waya, waƙa ɗaya daga cikin tsofaffinka, ka saurara kai kaɗai. Za ka ji inda kake zamewa daga kan sauti, yawanci a ƙarshen baiti lokacin da iska ta ƙare. Na'ura ce take ɗinke maka wannan ɓarakar shekara da shekaru, a gaban jita da ganga kuwa babu mai ɗinke ta. Yawancin waƙoƙin nanaye a sama ake ɗaukarsu, da siririyar murya, saboda haka ka sauko da waƙar mataki ɗaya ko biyu zuwa inda kake magana ta yau da kullum. A nan ƙirji yake taimaka maka.

Sai numfashi. Kwanta rigingine a tabarma, ɗora hannu a cibiya, ja iska ta hanci har hannun ya ɗaga ba tare da kafaɗa ta motsa ba. Fitar da ita a hankali da sautin "sss", kana ƙirga. Idan ka fara da daƙiƙa 15, ka nemi kai 30 cikin wata guda. Kafin kowace atisaye ka ɗumama murya minti 10: gunji da baki rufe, kaɗa leɓe kamar yaro yana kwaikwayon babur, sannan ka sa tsinken shan lemo cikin kofin ruwa rabi, ka riƙa hura sauti ta ciki kana hawa kana sauka.

Kaurin murya, wato wannan ɗan gurnani da ake so, shi ne wurin da mutane suke ji wa kansu ciwo. Ba da matse maƙogwaro ake samunsa ba. Saurari mai tallan kifi a kasuwar Haɗejia ko sanƙira a gaban 'yan dambe: muryarsu tana kai wa nesa, wuyansu a sake. Ka fara da nishin da mutum yake yi idan ya sauke buhun gero, a hankali, ba ƙarfi, sannan ka ɗora masa wasali ɗaya. Minti 10 zuwa 15 a rana ya isa a watan farko. Idan ka ji ƙaiƙayi, ko tari ya taso, ko zafi wajen haɗiyar yawu, ka yi kuskure, tsaya nan take sai gobe. Ranar da murya ta shaƙe kada ka koma raɗa, domin raɗa ma tana wahalar da ita. Yi shiru kawai. Dusashewar da ta wuce mako uku ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, kada ka tsaya shan citta da zuma kana jira. Suna sanyaya maƙogwaro, amma ba sa taɓa tantanin da ke fitar da sauti. Abin da ke yi masa amfani shi ne ruwa, lita biyu zuwa uku a rana lokacin bazara, da turara tururin ruwan zafi da hunturu idan ƙura ta yi yawa. Taba da shisha da maganin tarin da wasu ke sha wai don murya ta buɗe, duk ɓarna ce. Da azumi ka mayar da atisaye bayan tarawihi.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Jita mai ruri tana haɗiye waɗannan bambance-bambance, sai mai sauraro ya ji hayaniya ya rasa magana. Bahaushe kuwa ba ya yafe wa waƙar da ba ya jin abin da take faɗa. Don haka dogayen baitocin nanaye masu kalmomi goma sha ba za su yi ba. Rage layi zuwa kalma huɗu ko biyar, ka bar hawa da saukar waƙar su bi karin kalmomin, kuma mai jita ya sassauta yayin da kake baiti, ya saki ƙarfi a amshi. Tsarin jagora da 'yan amshi irin na makaɗan gargajiya ya fi komai dacewa a nan. Jigon ma yana sauyawa da kansa: tsadar taki, ambaliyar da ke cinye gonakin shinkafa, ɗan cirani da ya tafi bai dawo ba. Soyayya ma tana shiga, amma mai ciwo.

Kayan aiki ba su da yawa. Jitar lantarki ɗaya, amfilifaya mai wat 30 zuwa 50, ƙaramin akwatin kaurara sauti da ake takawa da ƙafa mai cin batir na volt 9, bes, wato jita mai kaurin amo, da mai ganga. Wajen sayen jita a Sabon Gari, duba abin ɗaukar sautin da ke ƙarƙashin tsirkiya: mai layi biyu ya fi mai layi ɗaya rashin ƙugi. Sa tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 46, ka sayi fakiti biyu na ajiya, domin gumi yana sa su tsatsa, ta ƙasa siririya kuma ita ke fara tsinkewa. Goge su da ƙyalle bayan kowane wasa. Kada ka bar jita a rana ko cikin ɗakin kwano da tsakar rana, wuyanta yana lanƙwasa. Maɓallin kaurin sauti kada ya wuce 5 ko 6 cikin 10. Sama da haka sauti yana zama kunu, ba a bambance bugu da bugu. Ɗora amfilifaya a kan benci daidai kunnenka, in tana ƙasa gwiwoyinka take yi wa kiɗa, sai ka yi ta ƙara mata ƙarfi a banza.

Wuta ita ce babbar matsala a ƙauye. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, tana sa ƙugi, tana kuma ƙona amfilifaya. Sa sitabilaiza a tsakani, ka ajiye janareta nesa da kamar taku 20, ko ka yi amfani da batirin sola da inbata in akwai. Idan ka taɓa jin makirufo ya ɗan ja leɓenka alhali hannunka na kan tsirkiya, kashe komai. Alama ce wutar ba ta da hanyar sauka ƙasa, kuma tana iya kisa. Kira mai aikin wuta ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai laima ya haɗa ta da layin.

Mai ganga ya fi mai jita muhimmanci. Samu makaɗin kalangu ko ganga na gaske, ku zauna da manhajar ƙirga bugu a waya, ku fara da bugu 80 a minti, kada ku ƙara sai kun yi waƙar sau uku a jere ba wanda ya riga wani. Sannan ku hau 90, ku hau 100. Fatar ganga tana saki da damina, a gasa ta kusa da wuta kaɗan kafin a fara.

Ka kula da kunnenka. Da desibel ake auna ƙara: ta desibel 85 ana iya jure ta awa takwas, ta 100 kuwa minti 15 kacal, kuma ɗakin atisaye yana kai hakan cikin sauƙi. Ƙugin da kake ji a kunne bayan an tashi gargaɗi ne. Sayi abin toshe kunne na soso, ka sa kowa ya sa.

A situdiyo ka nemi makirufo irin na riƙewa a hannu, kamar Shure SM58, ka bar yatsu biyu tsakaninsa da baki. Ka ce wa mai naɗi ya rage shigar sauti kada alama ta taɓa ja, kuma in ɗakin zai ɗauke ku, ku yi kiɗan tare lokaci ɗaya.

Saura jama'a. Kafin a fara atisaye ka je ka gaida mai unguwa da liman, ku tsayar da lokaci, tsakanin la'asar da magariba ya fi, kuma da an kira salla a ajiye. A jihar Kano mawaƙa suna rajista da Hukumar Tace Finafinai, ka gama wannan kafin ka saki waƙa. A gidan biki kada ka watsar da tsofaffin waƙoƙinka, domin su aka kira ka ka yi, kuma matan da ke liƙi rawa suka zo. Yi uku da aka sani, ka sako sabuwa ɗaya a tsakiya, ko ka ɗauki tsohuwar da kowa ya haddace ka sa mata ganga da jita. Ka dubi ƙafafun mutane: in sun tsaya, a wasa na gaba ka rage jitar ka ƙara wa kalangu wuri.