Kurakuran da ake tafkawa wajen ɗauko laburaren saƙon faɗakarwa

Na gaji da ganin abu ɗaya a ayyukan matasan da ke kawo mini manhajojinsu in duba. Mutum yana son ɗan akwatin nan da ke leƙowa ya ce "An adana" ko "Ka tabbata a goge?", sai ya hau GitHub, shafin da ake ajiye kod, ya ga laburare, wato shiryayyen kod na wani, irin SweetAlert2 ko Toastr da tarin taurarin yabo, ya ɗauko ya manna, wai ai kyauta ne. Kyauta ne, amma kod ɗin wani ne ka shigar, kuma duk abin da ke shafinka yana iya taɓawa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne zuba rubutun mai amfani cikin saƙon ba tacewa. Toastr yana ɗaukar saƙo a matsayin HTML, wato kod ɗin da ake gina shafi da shi, sai in kai ka kunna escapeHtml da hannunka. A SweetAlert2 kuwa, abin da ka sa a html ko title haka zai wuce, text da titleText ne masu aminci. Akwai wani shagon intanet da na taɓa riƙe wa aiki. Yaron da ya rubuta shafin mai shago ya sa duk lokacin da oda ta shigo, akwati ya fito da sunan mai saye. Wani ya yi rajista, a gurbin suna ya rubuta kod, kod ɗin ya tashi a burauzar mai shago, aka shiga asusunsa aka canza lambar bankin da ake biya. Ni na kwana ina bin sawu, ni kuma na sha faɗa. Haba ɗan'uwa, layi ɗaya fa! Ni dai yanzu ba na barin kowa ya kira laburaren kai tsaye. Nakan rubuta ƙaramin aiki (function) guda mai karɓar rubutu zalla, duk saƙo ta nan zai bi.

Na biyu, barin sigar a sake. Sai ka ga an jawo laburare daga CDN, wato sabar wasu da ke rarraba fayiloli, ba lambar siga, kome mai shi ya fitar gobe ya faɗo shafinka ba ka sani ba. A 2022 mai SweetAlert2 ya saka kod na nuna adawa da yaƙin Ukraine, wanda ke tashi a shafuka masu adireshin Rasha. Ko kana tare da shi ko ba ka tare da shi, abin lura shi ne laburaren ya yi abin da ba don shi aka ɗauko shi ba. A farkon 2022 ɗin ma mai laburarorin colors da faker ya lalata su da gangan, ayyukan jama'a suka tsaya. A 2024 aka sayar da adireshin polyfill.io, inda shafuka ke jawo kod, sabbin masu shi suka riƙa tura mugun kod zuwa shafuka sama da 100,000. Don Allah ku ɗaure siga. Ku ajiye fayil ɗin a sabarku, kada ku taɓa share package-lock.json, fayil ɗin da ke riƙe lambobin siga, kuma kafin ɗaga siga ku karanta abin da aka canza.

Sauran ƙanana ne. Toastr ba ya aiki sai da wani laburaren mai suna jQuery, kada ka ɗora wa mai ƙaramar waya da datar awo wannan nauyin saboda akwati ɗaya. Notyf, wani laburaren saƙo, ba ya jingina da kowa. Saƙon Toastr kan ɓace bayan daƙiƙa 5, to kuskuren biyan kuɗi ba a nan ake sa shi ba, ya tsaya har a rufe shi. A gwada da manhajar da ke karanta wa makafi allo. Manhajar Hausa kada maɓallanta su zauna da Turanci. A duba lasisi, a duba yaushe aka taɓa kod ɗin na ƙarshe.

In tambaya ɗaya ce kawai kake son yi wa mai amfani, tun 2022 manyan burauzoci duk suna gane alamar dialog ta HTML. Gwada ta tukuna kafin ka buɗe npm, rumbun da ake ɗauko laburare.