Kafin ka danna linkin tallafin nan, karanta adireshinsa tukuna

Shekaranjiya da daddare gwaggona ta turo min wani linki a WhatsApp, wai gwamnatin tarayya na rabon tallafi, ga tambarin CBN ga tutar Najeriya an jera abin gwanin sha'awa, ta ce ɗan nan duba min kafin a rufe. Ko buɗewa ban yi ba na ce Gwaggo ki bar shi, 'yan damfara ne.

Adireshin kawai na kalla. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa, kamar cbn.gov.ng ko nimc.gov.ng ko jamb.gov.ng. To amma mutanen nan sun san mun fara ganewa, sai su rubuta maka irin cbn.gov.ng.tallafi-kyauta.xyz, kai kuma idonka na sauka kan farkon shikenan hankalinka ya kwanta. Ƙarshen ake dubawa, wato abin da ke daf da alamar / ta farko bayan https://, can ne ainihin mai gidan yake. Wani sa'in ma harafi ɗaya za su canja, su sa 0 a madadin o, a ƙaramin sikirin ɗin waya wa zai lura? Shi ya sa ni banki ko hukuma da hannuna nake rubuta adireshin, ba na bin linki.

Ɗan kwaɗon nan da ke gefen adireshi kar ya ruɗe ka, su ma suna samunsa kyauta. Haka duk shafin da ya ce sai ka tura wa gurup biyar kafin kuɗinka su fito, rufe kawai.

Sai abin da suke nema a fom ɗin. Lambobin gaban katin ATM, ukun nan na baya, PIN, da OTP da ake turowa ta tes, wallahi ba ma'aikacin bankin da zai tambaye ka su, ko da ya kira ka da cikakken sunanka ya ce za a rufe BVN ɗinka yau yau. Gaggawar nan ita ce tarkon. Lambobi 6 da WhatsApp ke turowa ta tes ma haka, ka ba da su an ɗauke maka akawun an shiga roƙon kuɗi da sunanka, don haka ka shiga saitin ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun yanzu.

Masu cewa zuba kuɗi a ninka maka kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa, mun ga yadda kuɗin mutane suka salwanta a MMM a 2016 da CBEX a 2025.

In kuma ka riga ka cika fom ɗin, kar kunya ta sa ka yi shiru. Kira lambar da ke bayan katinka a toshe shi a daren, da safe ka je banki da kanka a canja kati, sannan ka faɗa wa gurup ɗin da ka tura wa su goge.