Kurakuran da ke sa yara masu baiwa su salwanta tun a firamare

Ba a rasa makarantun yara masu baiwa a Najeriya ba. Akwai ta gwamnatin tarayya a Suleja, jihar Neja, wadda hukumar NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa na da tata a Bamaina, ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Kano kuwa tun 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa don ɗaliban da suka yi zarra. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin ƙofa: wa ake turawa, wa ake bari a gida?

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne auna basira da Turanci. Yaron da ya tashi a gidan da ake jin Turanci, ya yi nazire, aka ɗaukar masa malamin lesin, dole ya fi ɗan ƙauye sakin baki. Wannan gata ne, ba lallai ya zama baiwa ba. Ku dubi yarinyar da ke tallan gyaɗa a tasha. Mutum uku sun saya lokaci guda, ɗaya ya miƙo dubu, ɗaya ɗari biyar, na ukun ya ce a haɗa da bashin jiya, ta ba kowa canjinsa daidai ba tare da ta ƙirga da yatsa ba. Ita ce kuma za ta ci sifiri a lissafin aji, don ba ta gane abin da tambayar ke nufi ba. Gyaran ba ya cin kuɗi. Malam ya karanta tambayar da Hausa, ya kawo matsalar da ba a taɓa koyarwa ba, ya ga wanda zai gano hanya da kansa. Turanci ana koyonsa daga baya, kuma irin waɗannan yaran ba sa daɗewa suke kama shi.

Na biyu, hedimasta ya zaɓi na ɗaya zuwa na uku a aji ya ce an gama. Wani lokacin ma ɗan wane ake sakawa don kunya. A gwada ajin gaba ɗaya tun daga aji biyar, kuma a kwatanta yaro da 'yan makarantarsu, waɗanda suka zauna a ƙasa tare da shi, ba da ɗan makarantar kuɗi ta birni ba.

Sai maganar labari da kuɗin mota, wadda manya ke rainawa. Sanarwar jarrabawa ta fita a intanet, rajista ma can ake yinta, wurin zana jarrabawar kuma yana birni. Kafin labari ya isa ƙauye an rufe. Aikin ƙungiyar iyaye da malamai ne ta sa a faɗa a masallacin Juma'a da ƙofar mai unguwa, ta haɗa kuɗin rajista da na mota a tafi da yaran a rukuni.

'Ya'ya mata kuwa, sau da yawa sai yarinya ta ci jarrabawa sannan ake zuwa lallashin mahaifinta ya bar ta ta tafi makarantar kwana. An makara. A fara zancen tun kafin a cika fom, in da hali a kai mahaifiyarta ta ga ɗakin kwanan da matar da ke kula da su.

Akwai kuma yaron da ake kira fitinanne. Ya gama aikinsa cikin minti biyar, ya rasa abin yi, ya fara tsokanar na kusa, sai bulala. Ko kuma a naɗa shi monita yana rubuta sunayen masu surutu. A ba shi aikin da ya fi na aji wuya. Kurma da makaho ma a sa su a gwajin ta hanyar da za su iya amsawa, domin galibi ba a tuna su.

In ɗan ƙauye ya samu gurbi, kada a ɗauka an gama. Zangon farko yakan koma baya saboda Turanci da kewar gida, har a fara cewa da ma bai cancanta ba. A yi masa darasin share fage a dogon hutu, a kuma haɗa shi da wani babban ɗalibi ɗan yankinsu da zai riƙa duba shi.