Babi na Biyar: Tsakiyar Wasa

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Wanda ya kawo wannan babi na darar ces ya riga ya san tafiyar sarki, sarauniya, ganuwa, giwa, doki da soja. Tsakiyar wasa tana farawa ne bayan ka fito da dawaki da giwaye, ka ɓoye sarkinka a gefe. Ɗauko allonka ka ajiye a gabanka. Kada ka karanta babin nan ba allo. Tuni kaɗan: harafi ake fara faɗa, sannan lamba. Idan na rubuta d3, ka sa yatsa a kan harafin d, ka haura gida 3.

Darasi na 1: Me yake nufi?

Idan abokin wasanka ya motsa ɗansa, ɗora hannuwanka biyu a kan gwiwa. Sannan ka tambayi kanka: me yake nufi da wannan motsi? Me yake son ci?

Mu gwada. Kwashe komai daga allo. A ɓangaren fari, sa sarki a g1, ganuwa a f1, giwa a c2, sarauniya a d1, sojoji a b2, f2, g2 da h2. A ɓangaren baƙi, sa sarki a g8, ganuwa a f8, sarauniya a b6, sojoji a f7, g7 da h7. Sake dubawa ɗaya bayan ɗaya, ba sauri muke yi ba.

Kai ne baƙi. Fari ya ɗaga sarauniyarsa daga d1 zuwa d3. Yanzu wasa na hannunka. Idonka zai faɗa kan sojan b2, ka ga ba mai gadinsa, hannunka ya fara ƙaiƙayi. Dakata. Hannu a gwiwa. Me yake nufi? Sa yatsa a kan giwar c2 ka bi hanyarta a karkace: d3, e4, f5, g6, h7. Ka gani? Sarauniya a gaba, giwa a bayanta, duk sun sa wa h7 ido. Idan ka ci sojan b2, sarauniya za ta ci h7 ta ce cek. Sarkinka ba zai iya cin ta ba domin giwa na tsare da ita, ba zai koma f8 ba domin ganuwarka ta tare, h8 kuma a bakin sarauniya yake. Wasa ya ƙare a kan soja ɗaya.

Wasu a ajinmu na Mabera sukan hango haɗarin, sai su tura sojan h7 zuwa h6. Madalla da hangen, amma maganin bai yi ba. Sarauniya za ta sauka a h7 ɗin da ka bari fayau, sarki ya mutu kamar yadda da zai mutu. Sojan g7 za ka tura zuwa g6, shi ne ke toshe hanyar. Saboda haka tambayar biyu ce: me yake nufi, sannan idan na yi wannan, na hana shi kuwa?

Ba sabon abu nake kawo muku ba. Dattijon da ke dara a gindin dogon yaro ba ya dasa karansa sai ya duba ko abokinsa ya kusa jera uku. A nan ma haka ne. Kuma dokar hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faransa a 1924, ta ce ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka motsa, muddin yana da wurin zuwa. Babu "Malam, a yi haƙuri in mayar". Shi ya sa na ce hannu a gwiwa.

Maimaita da baki sau 3: ya motsa, na tsaya, na tambaya. In ka manta yau ba komai, gobe za ka tuna. Tunde Onakoya, wanda ya yi awa 60 yana buga ces a birnin New York a watan Afrilun 2024, yaran unguwannin talakawa na Legas yake koya wa wasan nan. Abin da yaro ya iya, magidanci da uwar gida ba za su kasa ba.

Darasi na 2: Doki mai bugun biyu

Sa farin doki a d5, baƙin sarki a e8, baƙar ganuwa a a8. Tsallaka da dokin zuwa c7. Ya ce cek, kuma yana kallon ganuwa. Dole sarki ya kauce, doki ya ci ganuwa a banza. Doki maki 3 ne, ganuwa maki 5.

Ga wata alama da za ta taimake ka. Dubi a8 da e8, duk fararen gidaje ne. Doki ba ya bugun 'ya'ya biyu lokaci ɗaya sai suna kan gidaje masu launi ɗaya. Idan dokin abokinka ya matso, duba ko sarkinka da sarauniya ko ganuwa suna kan launi ɗaya. Doki a tsakiyar allo gida 8 yake iya zuwa, a kusurwa gida 2 kawai, don haka naka ka kai shi tsakiya.

Amma lura, kafin doki ya je c7 sai da ya fara zama a d5. A lokacin ne ya kamata baƙi ya tambaya: me yake nufi? Bai tambaya ba. Wannan dai tambayar ce ta darasi na 1.

Darasi na 3: Ɗan da aka ɗaure

Farar giwa a b5, baƙin doki a c6, baƙin sarki a e8, d7 ba kowa. Dokin nan ba shi da ikon motsi, domin idan ya tashi giwa za ta fuskanci sarki. An ɗaure shi. Fari sai ya turo soja zuwa d5 ya kai masa hari. Ɗaurarre ba ya gudu, kuma kada ka ƙidaya shi cikin masu gadi.

A nan zan ɗan yi faɗa. Wasunku kullum sai sun ɗaga dokin nan, in ce a mayar, su yi dariya. Wani kuma yana wasa yana amsa waya yana cinikin albasa. Haba Alhaji! Da ka tambayi kanka me giwa ta zo yi a b5, da ba ka taɓa dokin ba. Na faɗa a darasi na 1, na faɗa a na 2. Wanda bai iya ajiye hannunsa a gwiwa na ɗan lokaci ba, to ya koma farkon babi, kada ya wuce nan.

Darasi na 4: Layin baya

Sarki a g1, sojoji a f2, g2 da h2, ba mai gadin layi na 1. Ganuwar baƙi ta sauko e1, sarki ya mutu, sojojinsa ne suka toshe masa hanya. Tura h2 zuwa h3 tun da wuri ya samu ƙofa. Duk sanda ganuwa ta hau layin da ba soja, ka san tambayar da za ka yi.

Darasi na 5: Musanya

Soja maki 1, doki da giwa 3, ganuwa 5, sarauniya 9. Ƙidaya kafin ka ci. Idan ka fi shi 'ya'ya, yi musanya. Idan ya fi ka, guje ta.

Darasi na 6: Aikin gida

Buga wasa biyu da wani ɗan aji. Rubuta motsin da aka ci ɗanka na farko, harafi sannan lamba, ka kawo ranar Asabar bayan la'asar.