Kafin ku saka mod ɗin sauya ƙasa a Minecraft

'Yan uwa, duk mai son saka Terralith ko Tectonic, wato mod (ƙarin da ake ɗora wa wasan) masu sauya siffar ƙasa, don Allah ya buɗe sabuwar duniya, kada ya ɗora a kan tsohuwa. Wasan yana ƙirƙirar ƙasa ne yanki-yanki, kowane yanki bulo 16 tsawo, 16 faɗi, kuma duk yankin da kuka taɓa takawa ya riga ya zauna. Mod ɗin sabbin yankuna kaɗai zai taɓa. Shi ya sa a inda tsohon yanki ya haɗu da sabo za ka ga dutse ya yanke tsaye kamar an sare shi da wuƙa, teku na kwance a gindinsa.

In dole sai tsohuwar, ku kwafi jakarta tukuna ku ajiye gefe.

Ku duba sigar mod ta dace da ta wasan, da Fabric ko NeoForge ɗin da kuke kai, wato manhajar da ke loda mod a wasan. Biomes O' Plenty ma, wani mod ɗin sauya ƙasa, ba ya tashi sai da wani mod mai suna TerraBlender.

Manyan duwatsun da waɗannan mod ke ƙirƙira suna wahalar da kwamfuta sosai. Ku saka Chunky, mod ɗin da ke ƙirƙirar yankuna tun kafin ku isa wurin, ku rubuta /chunky radius 2000, sannan /chunky start, ku bar shi ya gama kafin ku fara yawo.