Gyaran tsohon kibod na IBM Model M: fara da gano inda layi ya yanke

IBM ta fito da Model M a 1985, kuma har yau ana samun masu aiki, sai dai shekaru sun fara cin su. Kafin ka kwance komai, buɗe shafin rubutu ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta waɗanda suka mutu. Yadda suka mutu shi zai nuna maka ciwon.

A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai sifirin da ke lanƙwashewa ya buga wata 'yar guduma, ita kuma ta matse ledoji uku. Ta sama da ta ƙasa suna ɗauke da layukan azurfa, ta tsakiya mai huji ce ke raba su. An shirya layukan kamar saƙa, 16 a tsaye, 8 a kwance, kowane maɓalli yana zaune a mahaɗar biyu. Shi ya sa idan layi ɗaya ya yanke, maɓallai da yawa kan mutu tare, ko da ba maƙwabta ba ne.

Idan kuwa duka kibod ɗin ya yi shiru, duba wayar kibod ɗin tukuna. A bakin PS/2, wato zagayayyen kan wayar da ake sokawa a kwamfuta, fil na 4 ne ke kawo bol 5, na 3 shi ne ƙasa, wato hanyar da wutar ke komawa, na 1 da na 5 su ke kai saƙo. Kuma ƙaramin mahaɗin USB marar komai a ciki ba zai tayar da shi ba, sai mai na'urar fassara.

Ana buɗe murfin da siririyar sifana mai milimita 5.5. Juya farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin maɓallan ka duba bayansa. Za ka ga kawunan roba da aka narka suka riƙe farantin da robar da maɓallan ke zaune a kai, ledojin kuma suna tsakaninsu. Suna bushewa su karye, har ka ji su suna kaɗawa a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Inda suka zube da yawa, ledojin sukan saki, maɓallan wurin su riƙa kamawa suna bari.

Nan ne aikin yake. Yanke sauran kawunan, ka huda gurbin kowanne da bakin huda mai milimita 1.6, ka maye su da sukuru M2 masu tsawon milimita 8. Ka ɗauki hoto kafin ka raba farantin, don akwai gurabun da ba a sa musu sifirin. Kada ka ɗaure sukurun tamau, domin matsi fiye da kima yakan sa maɓalli ya riƙa buga kansa.

Tunda ledojin sun fito, auna layin da kake zargi da mitar auna wuta, ka sa ta a ma'aunin om, daga baki zuwa baki. Kada ka dogara da ƙarar da mitar ke yi idan layi bai yanke ba, don layi mai lafiya yakan yi tsayin da ba za ta yi kuka ba. Baƙin tabo yawanci wurin da shayi ko ruwa ya taɓa kwanciya ne. Goge shi a hankali da auduga da ɗan sifirit, ka ja sabon layi da fentin azurfa mai ɗaukar wuta, ka bari ya bushe sarai kafin ka sake aunawa. Dalma kam kada ta kusanci ledar nan, nan take za ta narke.